Duba Bango

Ni ne mutumin da rijiya ta rufta da shi sau biyu ya fito da ƙafarsa. Shekara arba'in da ɗaya ina haƙa. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma in na ɗora ƙasa a harshena zan gaya maka gaba nawa za a yi kafin a tarar da ruwa. Wannan labarin ma Autata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta rage ko kalma ɗaya, har wurin da ban fito da kyau ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarta, Auta ta zo ta tattaro ni ta kawo ni garin da take aikin asibiti, tafiyar kwana biyu a mota. Gidan bene ne mai hawa uku, iyali tara a ciki, mu muna can sama. Ɗakina da taga babba, gado mai laushi, abinci sau uku. Ba abin da na rasa.

Sai dai saman garin nan ba irin namu ba ne. A inda na fito, in hadari ya haɗu murna ake yi, mata su fito da bokitai. A nan kuwa, a satina na biyu, ina tsaye a taga da rana tsaka na ga iska ta ɗauke rufin shagon mai gyaran babur, ta naɗe kwanon kamar tabarma, ta wuce da shi. Ni da na kwana a ƙarƙashin ƙasa da yashi har wuya ban yi kuka ba, sai ga ni riƙe da ƙarfen gado. Ƙasa na san halinta, kafin ta rufta takan yi gargaɗi. Sama kuwa ba inda za ka ƙwanƙwasa ka ji.

Ban gaya wa kowa ba. Na dai haɗa kayana a jaka na tura ƙarƙashin gado, na ce kafin damina ta yi nisa zan koma gida. Can ɗin ba kowa, ɗaki ne kawai da ƙafar nan tawa mai ciwo, amma na gwammace haka da a ce an ga tsorona. Auta ta ga jakar tana shara. Ta mayar da ita yadda take, idonta ya yi ja.

Ta taɓa yi min bayani cewa in babbar guguwa ta taso ana busa jiniya, kowa ya sauka ɗakin ƙasa, wanda aka haƙa a ƙarƙashin gidan. Ta ƙara da wata magana game da ranar Laraba, amma ban saurara ba, don na riga na katse ta: "Ni za a koya wa iska? Kafin a haifi ubanki na biyu nake shan iska." Ta ce, "Baba, uba ɗaya gare ni." Na ce to, shi nake nufi.

Ranar wata Laraba, sha biyu daidai, ni kaɗai a gida ina cin abinci, jiniya ta ɗauka. Rana kuwa tar, ko gajimare babu, amma wa ya tsaya dubawa? Hawa uku na sauka da ƙafar da likita ya ce kada in wahalar. Na tsinci kaina a ɗakin ƙasa, tsugune bayan tankin ruwa, takalmi a ƙafa ɗaya, cokali a hannu.

Na daɗe a nan. Ba wanda ya sauko. Ina cewa a raina, wayyo, duk iska ta kwashe su, ni kaɗai na rage kamar kullum. Sai na ji ƙarar makullai a matakala. Mai kula da gidan ne, wani tsoho sa'ana da ake kira Gajere, ya zo ɗaukar tsani. Ya haska ni da tocila, ya dubi ƙafata, ya dubi cokalin.

"Mai Rijiya, lafiya? Ai gwaji ne. Duk Larabar farkon wata sai sun gwada ta."

Na miƙe a hankali, na karkaɗe riga. "Na sani mana. Bango na zo dubawa."

"Bango?"

"Bango. Ka taɓa ganin mai haƙa ya zauna a gidan da bai san gindinsa ba?"

"Da cokali?"

Na ƙwanƙwasa bangon da cokalin. "Da me kake so in ji muryarsa, da hancina?"

Ya sosa ƙeya. Na jira dariya, na ma shirya zagin da zan mayar. Sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Shekara uku ina neman wanda zai duba bangon nan. Duk ruwa mai ƙarfi sai ɗakin ya cika har gwiwa, mutane ma sun fara ƙin saukowa." Ya zare makulli ɗaya daga cikin tarin nasa ya danƙa min. "Ka riƙa shigowa duk lokacin da ka ga dama."

To, wanda ya yi ƙarya da sana'arsa dole ya yi aikin. Washegari na sauko da gaske. Na bi bangon taku-taku ina ƙwanƙwasawa, har na zo kusurwar gabas, inda sautin ya mutu. Na kankare siminti kaɗan na ɗora a harshe. Ruwa ne kwance a bayansa, tsohon ruwa, mai ɗanɗanon saiwa. Na fita waje na auna da ƙafa, na ce wa Gajere, "Samo min diga. A nan bututun da ke fitar da ruwa ya toshe."

Ya ce, "Injiniyoyi biyu sun zo da na'ura ba su gano ba."

Na ce, "Sun lasa?"

Kwana uku ina haƙa, shi yana kwashe ƙasa yana mita. Gaba ɗaya da rabi muka tarar da bututun, saiwar bishiya ta shige ta cika shi dam. Muka sare, muka sa sabo, na jera tsakuwa a kewaye yadda nake yi wa gindin rijiya. Rubuta da kyau, Auta: injiniyoyi biyu.

Daga nan, duk lokacin da sama ta ɓata rai, sai in ɗauki makulli in ce, "Bari in je in duba bango." Auta ta ce, "A dawo lafiya, Baba." Ina sauka sai in tarar Gajere ya riga ni. Ya ajiye benci a wurin, da butar shayi. Mu zauna muna musu a kan wanda ya fi wani shan wuya a duniya, ina cinye shi, har hadarin ya wuce. Jakata dai tana nan ƙarƙashin gado.

Babbar guguwar ta zo wata ranar da la'asar. Sama ta yi wani irin kore-kore, tsuntsaye suka yi tsit, sai jiniya. Na dubi Auta, wadda ta dawo daga aiki ko takalmi ba ta cire ba.

"Yau Laraba?"

"Asabar ce, Baba."

A hawa na biyu muka tarar da matar wani tela da ke gidan tana fama da surukarta, tsohuwa ta kafe a bakin ƙofa. "Ba zan shiga ramin nan ba! Bara har cinyata ruwa ya kai, na yi wata ina tari."

Na daure na ce, "Hajiya, ni na gyara shi da hannuna. In kika ga ɗigo ɗaya a ƙasa, ki sa a aske min gemu."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Gemun ma guda nawa ne?" Amma ta kama hannuna muka sauka.

Mun kai mu talatin a ciki. Gajere ya rufe ƙofa, wuta ta ɗauke. Sai ƙarar ta iso, kamar manyan motoci ɗari suna bi ta kan gidan, ƙanƙara na dukan ƙofar ƙarfe, kunnuwa suka toshe.

A sana'armu, na sama yakan girgiza igiya don ya tambayi na ƙasa. In ka ja sau ɗaya, lafiya kake. In ka ja sau biyu, a fitar da kai. Auta ta san wannan tun tana ƙarama, lokacin da take kawo min abinci bakin rijiya. A cikin duhun nan sai na ji ta girgiza hannun rigata. Na yi niyyar ja sau ɗaya. Hannuna ya kama mayafinta ya ja sau biyu.

Ta kama wuyan hannuna da hannu biyu, irin riƙon da ake yi wa igiya in akwai mutum a ƙarshenta, ba ta saki ba.

Can, a gefena na dama, na ji wani ƙaramin sauti, cakar-cakar-cakar, ba ya tsayawa. Makullan Gajere ne. A hannunsa suke ta kaɗawa.

Na ɗaga murya na ce, "Gajere, makullan nan naka sanyi suke ji ne?"

Ya ce, "A'a, Mai Rijiya. Bango suke dubawa."

Matar tela ce ta fara fashewa da dariya, sai mijinta, sai ɗakin gaba ɗaya, har tsohuwa tana tari tana cewa a bar ta ta numfasa. Ashe kowa ya san tsoro ne ke saukar da ni. Tun ranar cokali Gajere ya sani, don shi ma shekara ashirin ke nan yana neman dalilin saukowa, da tsani, da tsintsiya, da duba mitar wuta. Bai taɓa furta kalmar tsoro a gabana ba, kuma bai bari wani ya furta ba. Ni ma na yi dariya har hawaye, iska na ta haukanta a sama.

Da ta lafa aka haska ƙasa. A bushe take ƙamas. Tsohuwa ta shafa da tafin hannunta, ta ce gemuna ya tsira.

A sama mun tarar tagar ɗakina ta fashe, ruwa ya jiƙa komai. Auta ta durƙusa ta jawo jakar daga ƙarƙashin gado, tana ɗiga. Ta riƙe ta, ba ta dube ni ba.

"Baba, wannan fa?"

"Zazzage ki shanya. In sun bushe ki jera su a durowa." Na gyara murya. "In na tafi, wa zai duba musu bango?"

Har yau in sama ta yi kore ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba tunda na ce kada a rage komai. Amma yanzu benci uku ne a ɗakin ƙasa, kuma duk wanda gabansa ya faɗi a gidan nan, babba ko yaro, sai ya ce zai je duba bango, ba mai tambayarsa. Allah ya saka wa Gajere da alheri, ya ƙara masa tsawo ko da taƙi ɗaya ne. Ke kuma mai rubutu, Allah ya yi miki albarka. Share idonki, kina jiƙa takardar.