Mafakar Tsakiyar Gada

Suwaiba tana juya masara a kan gawayi lokacin da Lado ya fito daga ofishin tasha, waya a hannu, kai babu hula.

"Jirgi zai zo," in ji shi.

"Na sama ko na ruwa?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. Lado ɗan kawunta ne, taubashinta, shi ne kuma mai gadin tashar Kwarin Ɗinya. "Koma ka ƙarasa barcinka, ranka ya daɗe shugaban tasha."

"Wallahi ba wasa nake ba. Daga ofis aka kira. Kan jirgi ne da tarago ɗaya, masu duba layi. Sun riga sun karyo daga babban layi. An ce a kau da kaya daga kan ƙarfe."

Kaya kuwa akwai su. Akuyoyi uku ne ɗaure a jikin layin, ga tarin rake, ga tabarmar kuɓewa da wata ta shanya. Layin ɗan reshe ne da Turawa suka ja saboda gyaɗa da auduga, Kwarin Ɗinya kuma ita ce ƙarshensa. Lokacin da Suwaiba take yarinya, jirgin kaya yakan zo ya ɗebi buhuna, na fasinja kuma yakan kwashi 'yan kasuwa zuwa Zariya ya dawo da su da yamma. Daga baya na fasinja ya daina, na kaya ya koma sai an ga dama, sannan shi ma ya ɗauke ƙafa. Yanzu akwai 'yan sakandare a garin da ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a waya.

Lado ya sunkuya zai kwance akuya, sai ya tsaya.

"Ina Baba?"

Suwaiba ta ajiye mafici. Ranar Juma'a ce.

Mahaifinta, Malam Mamuda, a reluwe ya ƙare ƙuruciyarsa. Lebura ya fara, ya kai helima, wato shugaban masu gyaran layi, har yau kuma Baba Helima ake ce masa. Da idonsa ya mutu, ya rantse ba wanda zai ja shi da sanda a gari. Ya kuwa samo hanyarsa. Kowace Juma'a da hantsi yakan hau layin, ya sa bakin sandarsa a jikin ƙarfe ta ciki, ya bi shi har Hayin Gada inda masallacin Juma'a yake. Babu mota, babu acaɓa, babu kwana mai ruɗarwa. Ƙarfe ba ya ƙarya, haka yake cewa.

Tsakanin garuruwan biyu akwai gadar jirgi a kan rafi. Doguwa ce, ba ta da makari a gefe. Mutane sun jera katakai tsakanin ƙarafan biyu suna bi da damina. Kuma ta ɓangaren Hayin Gada jirgin zai ɓullo.

"Kira su," ta ce. "Ka ce su tsaya."

"Lambar ofis ce. Ba ni da ta direba." Ya danna, ya kara a kunne, ya sauke. "A kashe. Sun tafi masallaci ke nan." Ya dube ta. "Ke, kwantar da hankalinki. Baba zai ji jirgi tun yana Kudan. Ya fi mu kunne."

"Zai ji mana," in ji Suwaiba. "In ya ji, ina zai nufa?"

Lado ya juya ya dubi wajen gada.

Duk wanda ya tashi a gidan Baba Helima ya haddace karatun nan. In jirgi ya riske ka a kan gada, kada ka yi gudu, mai gudu shi ke mutuwa. Ka je tsakiya, inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ka taka hagu. A nan akwai mafaka, ɗan barandar ƙarfe da aka yi wa ma'aikata, mai ɗaukar mutum biyu. Shi da hannunsa ya sha yi mata fenti.

Bara da rani 'yan gwangwan, masu bin tsohon ƙarfe, suka yanke ta suka tafi da ita. Kafin nan sun ɗauke ƙararrawar tasha, da hannun sigina, da babban sikeli. Likita a Ikara ya ce jinin tsohon yana hawa, a guji abin da zai ɓata masa rai. Sai gidan ya yi shawara aka rufe bakin kowa. Da ya tambayi ƙararrawa, aka ce an kai ta Zariya gyara. Mafaka kuwa bai tambaya ba, don sandarsa ba ta taɓa tsallake ƙarfe ba.

Suwaiba ta zubar da silifas ɗinta ta hau layin da gudu.

Tsakuwa ta riƙa sukar tafin ƙafarta. Ta haura arba'in, rabonta da gudu ta manta. Dama da hagu gonakin rake ne sun fi ta tsawo, babu kowa a cikinsu. A baya tana jin muryar Lado yana kiran wani a waya, yana maimaita sunan Hayin Gada, har muryar ta ɓace. Ta yi tuntuɓe ta faɗi, hannunta ya sauka a kan ƙarfen. Yana da zafin rana. Akwai kuma wani abu a cikinsa, ɗan motsi kamar na ƙudan zuma a cikin amya. Ta janye hannun, ta tashi.

Rafin ya cika ya yi ja, an kwana biyu ana ruwa ta wajen Paki. Tun daga nesa take jin rugugin ruwan. Ita ba ta son gadar nan. In dole ta kama ta, takan bari sai ta sami abokin tafiya, ta kafa ido a bayansa har su haye.

Ta hango shi. Farar riga, farar hula, buzun salla a kafaɗa. Ya yi nisa a kan gadar, yana tafiya irin tasa, ba sauri ba nawa.

"Baba!"

Ruwa ya cinye kiran. Ta taka katakon farko. Ta tsakanin katakan tana ganin ruwan yana wucewa da reshen itace, sai ta ji kamar gadar ce take tafiya. Ta ɗaga ido ta kafa a kan farar rigar.

Tsohon ya tsaya. Ya danna sandar a jikin ƙarfe, ya karkata kai. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya gyara buzunsa ya ci gaba, yanzu yana ƙwanƙwasa ƙarfen a hankali, yana neman mahaɗa.

Daga bayan raken Hayin Gada jirgi ya yi kuka. Ba ta taɓa mantawa da sautin ba, ashe.

"Baba, tsaya! Kada ka taka!"

Wannan karon ya ji. Ya juyo da fuskarsa wajenta, babu alamar tsoro a cikinta.

"Suwaiba ce? Me ya kawo ki?" Ya ɗaga murya. "Kada ki yi gudu. Taho a hankali, akwai wurin mutum biyu."

Sandar ta sami mahaɗar. Ya juya hagu, ya ɗaga ƙafa ya ɗora a kan ƙarfen layi.

Ba ta san yadda ta cinye sauran tazarar ba. Ta dai ji rigarsa a cikin hannunta, ta fizgo da duk nauyinta. Suka zube tare a tsakanin ƙarafan. Hularsa ta fice, ta gangara, ta bi ruwa.

"Sake ni!" Har yanzu da ƙarfi a damtsensa, ƙarfin mai ɗaga ƙarfe. "Kin haukace? Za ki kashe mu. Taki ɗaya ne."

"Babu ita, Baba."

"Babu me?"

"Mafakar. An yanke ta."

"Ƙarya kike. Ni na san gadar nan tun ba a haife ki ba."

Ya yunƙura, ta danne shi. Katakan da ke ƙarƙashinsu suna rawa. Ta ɗaga kai ta ga kan jirgin ya fito daga cikin rake, ya cika hanyar duka, fitilarsa a kunne da rana tsaka. Babu inda za a je. Ta kifa fuskarta a kafaɗar mahaifinta, tana jin bakinsa yana motsi da kalmar shahada.

Ƙarfe ya yi ƙara mai tsawo. Sannan rawar katakan ta ragu, ta tsaya. Sai rugugin ruwa da numfashin inji.

Da ta buɗe ido, jirgin yana tsaye a bakin gadar, bai hau ba. Wani mutum mai rigar aiki ruwan ɗorawa ya sauko, yana tahowa yana duba katakan ɗaya bayan ɗaya.

"Sannunku. Baba, ba ka ji ciwo ba dai?" Ya dubi Suwaiba. "Hajiya, ai da ba ki wahalar da kanki ba. Wa zai ɗora inji a kan gadar nan bai bi ta da ƙafa ya gani ba? Tun daga ofis aka ce mu tsaya a nan."

Suwaiba ta ɗaga jikinta daga kan mahaifinta. Gwiwarta tana jini.

Malam Mamuda ya tashi zaune. Ya lalubo sandarsa, ya miƙa ta hagu, ya tsallake ƙarfen layi da ita, ya sauke. Sandar ta nutsa cikin iska. Ya matsar da ita gaba, ya matsar baya. Sannan ya kwanta a kan cikinsa, ya zura hannu ta gefen gadar, ya shafa har ya sami guntun ƙarfen da ya rage. Ya daɗe yana bin bakinsa da yatsa.

"Da wuta aka yanka," ya ce. "Yaushe?"

"Bara."

"Ƙararrawar fa?"

Ta kau da fuska. Ya gyaɗa kai kamar ta ba shi amsa.

Mai rigar aikin ya ce, "Baba, ko mu taimaka maka ka haye?"

"Na gode, ɗana. Yi aikinka. Ka duba ƙusoshin ƙafar gada ta tsakiya da kyau, tun a zamaninmu suke sassautawa."

Daga Hayin Gada aka fara kiran salla na farko. Tsohon ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya shafa kansa ya ji babu hula. Ya sa bakin sandar a jikin ƙarfe kamar kullum, ya tsaya. Bai taka ba.

Sai ya ɗaga sandar, ya miƙa mata bakinta.

"Riƙe," ya ce. "Za mu rasa huɗuba. Ki riƙa faɗa mini abin da ke gabana, wanda yake nan da wanda babu."

Suwaiba ta kama. Bakin sandar ya suɗe sumul saboda gogar ƙarfe, yana da ɗumi. Ta wuce gabansa, ta dubi ƙasa.

"Katako na gaba ya ruɓe," ta ce. "Ɗaga ƙafa."