Akwatin Mubina Ya Cika

A duk layinsu na Agege, Mubina ce kaɗai ke da adireshin imel. Ta buɗe shi ne bayan ta gama bautar ƙasa, don kamfanonin Legas sun fara cewa a rubuta shi a takardar neman aiki. To amma gidan haya ne. Yadda ake aron turmi da tsani, haka aka shiga aron adireshin. Masu goro suka ba 'yan'uwansu na Abijan, mahauta suka ba nasu na Jidda, ita kuwa bakinta bai saba da a'a ba.

Tana son shagon intanet na Murtala. Fanka tana juyawa cikin kasala, hoto yana buɗewa a allo sannu sannu, goshi, ido, haɓa, kamar mutum na fitowa daga ruwa. Takan manta da ƙarar motocin danfo, ta ji duniya ta matso har tana iya taɓa ta.

Wata Laraba matar da ke wayar kuɗi a bakin titi ta aiko mata. Wani kamfanin jigilar kaya na Apapa ya bugo: sun tura mata gayyatar ganawa, saƙon ya koma, wai akwatinta ya cika. Za su sake turawa da la'asar. In ya sake komawa, su kira na bayanta.

Tana saka mayafi Inna Hansai, tsohuwar ɗakin kusa da nasu, ta biyo ta, don ta sake ganin jikanta da aka haifa a Jidda.

"Ga gidan wayan Agege ya iso!" in ji Murtala. Da ya ji labari sai ya leƙa allon. "Hotunan suna ne suka cinye wurin. Abeg, goge wannan ƙaton, kanki ya huta."

Ƙaton shi ne hoton jikan Inna.

"A fitar mata da shi a takarda mana, Yaya Murtala," in ji Mubina.

"Da wace tawada? Firinta tun jiya take azumi."

Inna Hansai ta matso da fuskarta, hasken allo ya kwanta a kan tsagar kumatunta. Ta shafa gilashin da ɗan yatsa.

"Ji kunnuwa, na kakansa sak. Wai 'yar nan, in kun kashe abin nan, a ina yake kwana?"

"Yana nan ciki, Inna."

"To madalla. A bar shi ya huta."

Mubina ta gangara ƙasan shafin. Hoton auren ƙanwar Sale mahauci, wanda uwarsa ba ta gani ba tukuna. Hoton shagon ɗan Malam Audi. Kowanne amanar wani ne. Can ƙasa ta iske nata.

Sharif ne, abokin karatunta a Zariya, wanda ya tafi Malesiya ƙarin ilimi. Da farko duk mako yake rubutowa, daga baya ya yi shiru. Hotunansa suna nan: wani titi bayan ruwan sama, fitilu suna rawa a kan kwalta, shi riƙe da lema mai faɗin da za ta ishi mutum biyu. Sau da yawa ta bi titin nan a ranta, har ta san inda ruwa ya kwanta, tana tsallakewa.

Ta zaɓi hotunan Sharif duka don gogewa. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta daɗe tana kallon lemar, sannan ta danna.

Aka kira la'asar. Inna ta fara gyangyaɗi a kan benci. Mubina ta yi ta sabunta shafin, yana dawowa yadda yake, har sai da wani layi mai kaurin baƙi ya bayyana a sama. Ranar Litinin, ta zo da takardunta na asali.

Ta karanta, ta sake karantawa, ta share ido da bakin mayafi.

"Yaya Murtala," ta ce a hankali, "daga Oshodi, ina ake samun motar Apapa?"