Askin Dattijo Shekari

Ishaku ne ya tallafo kafaɗu, Naomi ta riƙe ƙafafu, suka fito da mijinta daga banɗaki jiƙe sharkaf, tawul kawai a ƙugunsa. Abin da ya fara tsinka wa Ishaku zuciya shi ne rashin nauyin mutumin. Shekarin da a da yake saɓa dilar zare shi kaɗai a masaƙa, yau ga shi a hannu kamar damin kara. Suka shimfiɗe shi a katifar da aka sauko da ita falo, Naomi ta jera masa matasai uku a baya, domin ya daɗe ba ya iya kwanciya miƙe.

Sai da numfashinsa ya dawo sannan ya ce santsi ne ya kwashe shi. Naomi ta ɗauki zane tana goge masa ƙirji, haƙarƙarinsa duk a waje.

"Ishaku," in ji shi, "ashe kana garin."

Ishaku ya sunkuyar da kai, ya ce aiki ne ya yi yawa. Su duka ukun sun san ba haka ba ne, masaƙar ma kwana huɗu take aiki a mako tun bara.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Romi, kuma shekara guda suka haƙa harsashi, lokacin da unguwar duk gonar dawa ce. Shekara ashirin da biyu Shekari ya yi a sashen saƙa, goma sha ɗaya daga ciki Ishaku yana ƙarƙashinsa. Shi ya koya masa ƙulla zaren da ya tsinke ba tare da an tsayar da inji ba, shi ya tsaya masa a matsayin uba ranar da ya auri Rhoda. Da Shekari ya yi ritaya sai tari ya biyo shi gida. Likita ya ce ƙurar auduga ce ta cinye huhun, zuciyar ma ta kumbura don wahalar jan iska, sai dai a lallaɓa.

Mako bakwai ke nan Ishaku bai taka gidan ba, yau ma ihun Naomi ne ya shigo da shi. Kullum da asuba yana jin tarin ta katanga, dogo, kamar ana jan benci a kan siminti, sai ya sa takalmi ya fita ta ƙofar baya, ya zagaya ta wajen injin niƙa ya hau mota, don kada ya wuce ta ƙofar Shekari. Rhoda ta yi magana har ta gaji. Abin da bai gaya mata ba, tun kafin Kirsimeti shi ma ƙirjinsa yake ɗaurewa, musamman ranar Litinin idan ya shiga sashe bayan hutu, kamar an zagaye shi da igiya ana ja. Nas ɗin kamfani ta rubuta masa takarda ya je a ɗauki hoton ƙirji. Ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihun kwat ɗinsa na zuwa coci, kwat ɗin ma ya daina sawa.

Shekari bai yi masa faɗa ba. Ya shafa haɓarsa inda furfura ta tsiro cako-cako, ya ce mai askin bakin titi ya daina zuwa, hannun Naomi kuwa rawa yake yi, ta yanke shi sau biyu. Mutanen coci suna zuwa gaisuwa ranar Lahadi, ba ya so su same shi kamar wanda aka sako daga kurkuku. Ko Ishaku zai riƙa leƙowa ranar Asabar ya yi masa aski? Ishaku ya nemi hanyar ƙi, bai samu ba.

Haka aka fara. Ranar Asabar da hantsi Naomi takan ɗora ruwa, ta kawo a kwanon silba da sabulu da sabuwar reza, su jawo kujera bakin ƙofa inda haske yake. Rediyo na gefe yana ta maganar miƙa mulki, sojoji za su koma bariki ƙarshen watan Mayu, kowa da alkawarin da yake yi. Shekari ya ce ya ga irin wannan a saba'in da tara, har rawa suka yi a Kakuri, ya sayi sabon takalmi domin ranar. Shekara huɗu aka yi sojoji suka dawo, takalmin ma ya fi mulkin daɗewa. Ishaku ya ce ya daina motsa baki kada ya yanke shi. Fatar ta saki ta yi laushi, sai ya ja ta da yatsa biyu kafin reza ta kama. Yakan ɗauke numfashi idan ya zo ƙarƙashin haɓa, inda jijiya take bugawa da sauri kamar ta tsuntsu. In ya gama ya wanke hannu sau biyu, ya koma gida ya kasa cin abincin rana.

Ranar Lahadi kuwa ta katanga yake jin komai. Shekari dattijon ikilisiya ne shekara ashirin, babu gidan rasuwa daga Romi zuwa Kudenda da bai zauna ba. Mata 'yan zumuntar coci sukan cika falon da waƙa, su zo ta'azantar da shi, a ƙarshe shi yake ta'azantar da su. Ishaku yakan ji muryarsa, a shaƙe amma a natse, yana ce musu kada kowa ya yi kuka, shi ya riga ya ɗaure kayansa, mota kawai yake jira. Su amsa da amin. Rhoda ta dawo tana share hawaye tana cewa irin wannan bangaskiya ba kowa Allah yake ba wa ba. Ishaku ya ji wani haushi da bai san dalilinsa ba.

Asabar ta huɗu ita ce ranar miƙa mulkin. An kawo wuta tun safe, layin ya zama wayam, kowa ya tafi inda akwai talabijin, har Naomi ma Shekari ya matsa mata ta je ta gani. Ishaku ya aske kunci ɗaya, yana ɗauraye reza, sai ya ji an kama masa wuyan hannu.

"Ishaku, tsoro nake ji."

Ya ce ai a hankali yake yi, ba zai yanke shi ba.

"Ba reza ba. Abin da ke zuwa."

Rabin fuskar Shekari fari da kumfa, idanunsa a kan titi, ya yi ta magana guntu-guntu yana hutawa. Ya ce ya zauna bakin gadon mutum fiye da arba'in, kowanne ya ce masa kada ya ji tsoro, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Har yanzu bai saki bangaskiyarsa ba, ya san wurin wanda za shi. Amma jikin nan ba ya jin wa'azi. Idan numfashi ya yanke masa, duk ayoyin da ya haddace sai su watse, ba abin da yake so a duniya da lahira sai iska. Ba zai iya gaya wa fasto ba, shi ya karɓi faston yana yaro a ajin baftisma. Ba zai iya gaya wa Naomi ba, da ƙarfinsa take tsaye. Mutanen Lahadi kuwa abin da suka zo ji yake ba su, in sun tafi ya fi wanda ya yi noma gajiya.

Abin da ya fito daga bakin Ishaku shi ne zancen takardar da ke aljihun kwat. Ya faɗi komai, da igiyar ranar Litinin, da ƙofar baya, da zagayen injin niƙa.

Shekari ya kama dariya, dariyar ta koma tari, sai da Ishaku ya dafa masa baya ya miƙa masa gwangwanin tofi. Da ya lafa ya ce shi da ya ɗauka wani laifi ya yi masa, ashe matsorata biyu ne katanga ta raba.

Daga nan ya ba shi labarin wata tsohuwa a Kudenda, shekarun baya. Ya je yi mata addu'a tana bakin tafiya, ya buɗe baki ke nan ta ce Dattijo yi shiru, ka riƙe mini ƙafa, sanyi take ji. Ya riƙe har ta cika, ya koma gida ransa a ɓace, yana ganin ta raina aikin Ubangiji. Sai yanzu ya gane matar nan ta fi shi sanin abin da take ciki.

"In abin ya zo, kada ka karanta mini komai. Masu karatu suna da yawa. Kai ka zauna kawai."

"Dattijo, ban san ko zan iya ba."

"Ni ma ban san ko zan iya ba. Gama mini askin, kumfar ta bushe."

Ranar Alhamis Ishaku ya sa kwat ɗin ya tafi asibiti. Ya yi awa huɗu a benci. Likita ya ɗaga hoton a taga ya ce abin ya fara, bai yi nisa ba, amma idan yana so ya ga jikokinsa ya nemi a fitar da shi daga cikin ƙura. Ya fito ya tsaya a bakin titi, ya ga tsoron bai tafi ba, sai dai yanzu ya san girmansa. Ya gaya wa Rhoda da yamma tana tankaɗe. Ta ajiye rariya, ta ce gobe tare za su je wurin manaja.

Asabar ɗin da ta biyo baya a katifa aka yi askin, Shekari ba ya iya zuwa kujera. Ishaku ya tambaye shi abin da ya daɗe yana cinsa, ko ba ya jin haushin masaƙar, shekara ashirin da biyu ta karɓa ta haɗa da huhu. Shekari ya ce yana ji, wasu ranakun sosai. Amma akwai ranar da ya hau mota daga Sabon Tasha, wata mata a gabansa ta goya jariri da zanen masaƙarsu. Ta bakin zanen ya gane, injin lamba tara yana da wata 'yar karkata da ba wanda ya iya gyarawa. Jaririn yana barci, kuncinsa a manne da zanen, yawu yana zuba. Ya ce har ya wuce inda zai sauka yana kallo.

Ranar Laraba ce, tsakiyar Yuni. Ishaku ya taso aiki ƙarfe uku ana yayyafi, ya tarar da Rhoda a ƙofa ba ɗankwali. Ta ce tun azahar abin ya tashi, an aika a kira fasto, Dattijo kuwa sunansa yake kira. Ishaku ya tsaya a tsakar gida da jakar aikinsa a hannu. Ƙofar baya tana buɗe. Ya dubi ƙofar, sannan ya miƙa wa Rhoda jakar, ya nufi gidan Dattijo.

Mata uku suna durƙushe suna addu'a, Naomi tana fifita da marfin kwali. Idanun Shekari a buɗe warwar, kafaɗunsa suna hawa da sauka, bakinsa yana neman iska. Ishaku ya cire takalmi ya hau katifar, ya janye matasan, ya zauna a bayansa ya jingina shi a ƙirjinsa, ya kama hannunsa.

"Ina nan, Dattijo."

Bai ƙara cewa komai ba. Yatsun suka matse nasa har ya ji zafi. Kowane numfashi yana jinsa a haƙarƙarinsa, da farko da sauri kamar mai gudu, kusan awa guda, daga baya ya fara raguwa, matsin ma ya sassauta. Sai a ja ɗaya, a yi shiru, a sake ja. Ishaku ya kama kansa yana jira tare da shi, yana sakin nasa numfashin sai an saki wancan. Ya daɗe yana zaton abin zai shigo da wata alama mai ban tsoro. Ruwa ne kawai yake ɗiga a bokitin da aka tara a bakin ƙofa, wata kaza ta fake a ƙarƙashin benci. Shirun ƙarshe ya yi tsawo, ya ci gaba da jira, sai da Naomi ta ajiye kwalin ta sa hannu ta rufe wa mijinta ido.

Fasto ya iso da laima bayan minti goma.

Ranar Juma'a da safe aka ɗauki gawar zuwa ƙauyensu, gaba da Kachia. Naomi da fasto suna gaba wurin direba, Ishaku da maza biyu na coci suna bayan a-kori-kura tare da akwatin. Hanyar ta lalace, kowane rami sai akwatin ya zame, sai Ishaku ya tokare shi da gwiwa, haka ya tafi har gwiwar ta yi tsami. Sun wuce Kachia direba ya rage gudu saboda wata gada da ruwa ya ci gefenta. A gonar da ke bakin hanya mata suna rufe kunyoyin citta da ɗanyen ganye. Ɗaya daga cikinsu ta ɗago, ta ga abin da ke cikin motar, ta sauke damin ganyen daga kanta ta tsaya cik, hannayenta a gaba. Tana nan tsaye a jar ƙasa har motar ta sha kwana.