Haƙoran Ciyaman

Kurar ta haɗiye asibiti, ta yi gyatsa, ta juya kan makaranta. A tumbinta an rubuta ƁARAWO da manyan baƙaƙe, wai ko da wani bai gane ba. Hular kanta irin ta Ciyaman ce sak.

Auta ya tsayar da katun ɗin, ya waiwayi mahaifinsa. Wata uku ya yi yana zana shi a tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen gilashi. Yau da la'asar zai ɗora shi a intanet.

"Yaya ka gani, Baba?"

Baba na zaune bakin katifa, makullin motar Ciyaman a hannunsa. Shekara goma sha huɗu yana tuƙa mutumin.

"Kurarka ƙafa biyar gare ta."

"Jela ce."

"To. Mayar baya. Wurin mota."

Auta ya mayar. Daƙiƙa uku ce kacal: kura ta shiga mota, ta cire haƙoran roba, ta naɗe a hankici, ta miƙa wa direba.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Kai mana. Muna cin abinci, har Inna ta ƙware don dariya."

"A gida na faɗa, ɗan nema." Baba ya shafa gemu. "Ka ce masa kura, ka ce masa ɓarawo, ko a jikinsa. Irin waɗannan a bayan mota yake kallonsu, yana ƙyaƙyatawa, yana tura wa abokai. Amma haƙoran nan ko 'ya'yansa ba su sani ba. Daga shi sai ni. Ka saki wannan, ran Litinin ya karɓi makullinsa."

Auta ya dubi kwamfutar. Ashe asibitin da makarantar duk harbin iska ne. Abin da zai sosa wa mutumin rai daƙiƙa uku ce, kuma a cikinta abincin gidansu yake.

"Goge," in ji Baba.

"Ba zan goge haƙoran ba."

"Ni kake gaya wa haka?"

"Motar zan goge. Da direban."

Baba ya yi tsaki, ya fita wanke mota.

Zane talatin da shida ne. Auta ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya share kujera, ya kafa dandamali. Ya share direba, ya jera kawunan jama'a, ƙwallaye kawai masu ido bibbiyu. Kwamfutar ta ɗauki zafi ta mutu. Ya yi mata fifita da kwali har ta farfaɗo. Abincinsa ya huce a bakin ƙofa.

Da la'asar Baba ya leƙo, hannun rigarsa a jiƙe. Ya tsaya ya kalla. Kura na tsakiyar alkawari, haƙora suka yi tsalle daga bakinta, na sama da na ƙasa, suka bi dandamali suna ƙas-ƙas.

"Zai yi zargi," in ji Baba.

"Zargi ba shaida ba ne. In ya kore ka, shi ya tona wa kansa asiri."

Baba ya daɗe yana juya makulli a yatsa.

"Ka ma yi kuskure. Na sama ne kaɗai na roba. Na ƙasa nasa ne."

Auta ya kai hannu zai gyara. Baba ya cafke wuyan hannun.

"Kai! Bar shi da kuskurensa, ya san direbansa ba zai yi irin wannan kuskuren ba. Ɗora haka."