Tuluna a Ƙarƙashin Hawa Ɗari Biyu

Tulun tagulla ɗaya na bi Pandit Badri bashi, shekara goma sha tara cur. Shi ne malamin haikalin ƙauyenmu, kuma tun yana yawo ba wando na san shi.

A waccan shekarar ce mutanen birni suka zo da hoton wani bene hawa ɗari biyu, mai tsini irin na haikali, wai a bayan gonarmu za a kafa shi. Ranar addu'ar aza harsashi sai ga Badri a gidana yana haki. Amma yake kirana, wato uwa.

"Amma, ara mini tulunki, sun manta nasu a birni."

Na ba shi. Tulun da uwata ta raka ni gidan miji da shi! Na zaci ruwan tsarki za a yayyafa a dawo mini da abina, don mu nan tukunyar ƙasa muke binnewa a gindin gini. Ashe masu kuɗi sai tagulla. Ina tsaye aka sa macizan azurfa biyu a ciki, aka toshe bakin da kwakwa, aka tura ƙasa.

Bene dai shiru. Ramin harsashin ya cika da ruwa, ɓaunayenmu suka samu wurin wanka.

Bana jikata Sarla za ta yi aure, ba zan kai ta hannu rabbana ba. Rani kuma ya ƙafar da ramin. Na tare Badri a hanya.

"Panditji, tuluna."

"Haba Amma! Abin da aka ba Uwa Ƙasa ai ba a karɓa. In aka tono shi ginin rushewa zai yi."

Na ɗaga kai sama, ba komai sai shirwa guda.

"Wane hawa ne zai fara faɗowa? Gaya mini in janye ɓaunata."

"Zunubi ne fa."

"Na wa? Ni na ba ta? Kai ka yi kyauta da kayan aro."

Ya tsaya yana sosa tumbi. Washegari shi da kansa ya zo da fartanya, ga sabuwar tukunyar ƙasa a hammata. Sai tsakar rana ya tono tulun, ya yi kore shar. Macizan na juye su a tukunyar, aka mai da su ramin. Ba na riƙe abin da ba nawa ba. Badri ya sake karanta addu'ar, gumi na zuba, ya yanke fiye da rabi.

Kwana uku Sarla tana goge tulun da tsamiya kafin ya haska.

Wai masu benen za su dawo. Su zo da nasu.