Takun Inna a Ofishin Awaki

Daren jiya wani mafarki na yi, tunda gari ya waye nake juya shi a raina. Zan faɗe shi yadda ya zo, amma bari in fara da abin da ya faru ido biyu, don kada a ɓata a hanya.

Sunana Shitu, wankin hula nake yi a bakin kasuwa. A gidanmu mu uku ne: ni, da matata Baraka, da Inna da ta haife ni. Watan jiya na kai Inna asibiti saboda gwiwoyinta. Nas ta ce babu maganin da zai yi mata abin da tafiya za ta yi mata, kullum ta ɗan taka, in ba haka ba nan da shekara guda sai dai a ɗauke ta a ajiye. Inna ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, muka dawo gida, ta zauna a tabarmarta a gindin darbejiya. Ta ce ita tata tafiyar ta gama ta tun zamanin da take zuwa rafi sau biyar a yini.

Shi ne mai cajin waya na layinmu ya sa min wata manhaja mai ƙirga taku a wayata. In ka yi tafiya ta ƙirga, in ka kai dubu shida ta yi maka tafi ta ce madalla. Na ba Inna wayar ta riƙe kwana biyu, ta danne faifan kuka da ita don kada iska ta kwashe. Da na duba, sifiri. Ni kuwa da na sa ta a aljihu na je kasuwa na dawo, har tafi na samu.

To, a mafarkin sai ga ni a wani gari da hantsi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsirowa yana tafiya sama. Mata sun kifa bokitai a kan igiyar shanya suna tara. Na ga kowa ya ɗaure bakin wandonsa da zare, ni ma na ɗaure nawa.

Wayar ta motsa a aljihuna. Na ciro ta, sai na ga ƙadangare ne mai jan kai. Ya zauna a tafin hannuna yana ɗagowa yana komawa, kamar dai yadda suke yi a kan katanga.

"Madalla," in ji shi. "Taku dubu shida da ɗari biyu. Ana nemanka a ofis."

"Wane ofis?"

"Ofishin motsi."

"Laifi na yi?"

"Kai ba ka yi komai ba. Inna ma ba ta yi komai ba, to ita laifin ke nan."

Na ce mu je.

A garin nan mutum ba ya tafiya a kan titi, titin ne ke gudu a ƙarƙashinsa. Masu motsa jiki sun jeru a tsaye da kayan wasa, titin yana haki, wani dattijo yana bin gefe yana goge masa gumi da tawul. Na tsaya a kai na ce salamu alaikum, ya amsa ta wani rami, ya kai mu.

Sai ga ni a cikin ofishin. Awaki ne a kowane tebur. Shugabar wata jar akuya ce mai tabarau, fayil-fayil jibge a gabanta. In ta karanta ɗaya ta gama sai ta cinye shi, ta ɗauko na gaba. Ƙadangaren ya raɗa min cewa duk fayil ɗin da ta cinye, maganarsa ta zauna ke nan, ba a sake tayar da ita.

A gefe guda na hango Inna. Da tabarmarta aka kawo ta, tana tsintar wake a tire, hankalinta kwance. Turmi a damanta, kujerar tsuguno a hagunta, kowanne an liƙa masa takarda. Baraka na tsaye a bayanta da kofin koko a hannu.

Na durƙusa na gaishe da Inna. Ta amsa tana kallon waken.

"Kai ne mai wayar?" akuyar ta tambaye ni.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"A garin nan, duk abin da ya kwana biyu bai taka ba, kayan ɗaki ne. Za mu rubuta ta, a ɗora ta a amalanke, a kai ta ɗakin ajiya."

"Kayan ɗaki kamar me?"

"Mun duba, ta fi kama da tulu. Ana zuwa wurinta ana samun sanyi."

Na ce wannan gaskiya ne, amma duk da haka ba tulu ba ce. Raina bai tashi ba ko kaɗan, don na san abin da ke aljihuna. Na ce ina da taku dubu shida da ɗari biyu, a raba biyu a ba ta rabi, kowa ya kama gabansa.

Akuyar ta gyara tabarau. Ta ce ana yi, abu ne mai sauƙi. Wadda za a ba takun ita za ta faɗi sunan mai bayarwa da bakinta, sau ɗaya, a ji.

A nan ne na gane akwai aiki. Ni ne ɗan farin Inna. Tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, haka kunyar ɗan fari take a wurinmu. In tana nemana sai ta ce kai, in tana maganata da wani sai ta ce wancan. Ko ranar da nas ta tambaye ta wa ya kawo ta, bango ta kalla.

"Tsohuwa," in ji akuyar, "wa zai ba ki takun?"

"Wancan," in ji Inna.

"Wancan wa?"

"Mai hular."

Akuyar ta duba ofishin. Kowa da hula, har awakin, kowane ƙaho da tasa.

"Mijin Baraka," Inna ta ƙara.

Akuyar ta buɗe wani littafi, ta bi shi da kofato daga sama har ƙasa, ta ce ba su da mai wannan sunan. Baraka ta matso don ta taimaka.

"Maigidan take nufi," in ji ta.

"Maigidan wa?"

"Nawa."

"Sunansa?"

Baraka ta sunkuyar da kai tana juya kokon da cokali. Ita ma ba ta faɗa, wata bakwai ke nan da aurenmu.

Akuyar ta cire tabarau ta dube ni. "Kai, a duniya wa ke kiran sunanka?"

"Masu huluna," na ce. "Su ma sai in na ɓata musu lokaci."

Ta ce ita ba ta da lokacin ɓatawa. Ta jawo fayil ɗin Inna ta fara gutsurar kusurwarsa. Ina kallo yatsun ƙafar Inna suka fara komawa launin jar ƙasa, irin ta tulu sabon gashi. Inna ta dube su, ta ja zane ta rufe, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Ƙadangaren ya hau kafaɗata. "Roƙe ta mana. Kalma ɗaya ce."

Ban roƙe ta ba. Shekara ashirin da bakwai tana riƙe da abin nan, ba ni zan sa ta sake shi a gaban akuya ba. Na tsaya na yi tunani a hankali, yadda nake yi in hula ta zo da tabon da ban san kansa ba. Can sai na gano bakin zaren.

Na ce, "Ranki ya daɗe, kafin ki haɗiye. Wa ya koya min tafiya?"

"Ni na sani?"

"Ita ce. Ita ta kama min yatsu a tsakar gida tana ja da baya ina binta. Ke nan takun nan asalinsa nata ne, aro ta ba ni. Ba kyauta zan yi mata ba, kayanta zan mayar mata. Mai karɓar kayansa kuma ba a sa shi kiran sunan kowa."

Wani bunsuru a baya ya daina buga hatimi. Akuyar ta tambayi ƙadangaren, ya ɗago ya koma sau uku, ya ce maganar tana kan hanya.

"Amma ka sani," in ji akuyar, "kayan aro ba a mayar da rabi. Duka za su koma. Kai za ka tashi a sifiri."

"Na ji."

"Kai za ka zama kayan ɗakin."

"Me zan zama?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Benci."

Na ce benci ba abin kunya ba ne, mutane na hutawa a kansa. Na ce ta rubuta. Ta rubuta. Ƙadangaren ya sauka daga kafaɗata ya haye ta Inna, ya ce mata madalla. Ta ce masa ya sauka mata daga mayafi.

Sai ga ni a kan amalanke a waje. Amalanken ne ke jan jaki, jakin yana bin baya yana gyangyaɗi. Ƙafafuna sun zama katako tun daga gwiwa, ba zafi, sai dai ƙamshin sabon fenti. An ɗora min turmin nan a cinya. Ruwa na ta tsirowa yana wuce mu. Ina zaune ina tunanin hulunan mutane da na jiƙa ban wanke ba.

Daga ƙofar ofis na ji muryar Inna.

"Ina za ku kai shi?"

"Ɗakin ajiya," in ji akuyar.

"Bai karya ba."

"Benci ba ya karyawa."

"Wannan yana yi. In bai sha koko ba kansa ciwo yake."

Babu wanda ya kula ta. Amalanken ya ci gaba. Na waiwaya, sai na ga Inna ta ajiye tiren waken a ƙasa. Ta dafa tabarma da hannu ɗaya, ta dafa gwiwa da ɗaya. Gwiwar ta yi ƙara irin ta tsohon ƙyaure. Ta miƙe.

"Ɗaya," in ji ƙadangaren.

Ta karɓi kofin kokon daga hannun Baraka, ta fito. Titin kuwa baya yake gudu, in ta yi taku biyu ya mayar da ita uku. Ta tsaya ta dubi ƙasa.

"Kai, ba ka ga babba ba?"

Titin ya tsaya. Har ya ɗan rusuna ta tsakiya.

Ta taho. Ba sauri take yi ba, tafiyarta ce ta da, wadda na sani ina yaro, kai a miƙe kamar da tulu a kansa. Ƙadangaren na ƙirgawa a kafaɗarta, arba'in, arba'in da ɗaya, jar ƙasar nan tana zuba daga yatsunta tana bin ruwan sama. Masu motsa jiki suka dare suka ba ta hanya. Kokon ko ɗigo bai zube ba.

Ta cim mana a wajen wata rijiya da ke rataye a reshen mangwaro. Ta dafa amalanken, ya tsaya, jakin ya zo ya buge shi ta baya ya farka.

Sai ga akuyar a guje, sabon fayil a bakinta, nawa.

"Tsohuwa, an riga an rubuta. In za ki karɓi kaya daga hannun hukuma sai kin faɗi sunan kayan."

Inna ta dube ni. Ta daɗe tana kallona, abin da ba ta saba yi a gaban mutane ba. Na kawar da kaina don in sauƙaƙa mata.

"Nawa ne," in ji ta.

"Wannan ba suna ba ne."

"Ki rubuta haka."

"Doka ta ce..."

Inna ta zare fayil ɗin daga bakin akuyar, ta ɗan buge mata hanci da shi, yadda take yi wa awakin maƙwabta in sun shigo mata shanya. Tabarau ya faɗi. Akuyar ta tsaya, ta yi kuka irin na awaki, ta juya ta kama cin ciyawar bakin hanya.

Inna ta miƙo min kofin. Na sha, da ɗuminsa.

"Sauko mu tafi," in ji ta. "Ka ajiye musu turminsu."

Na sauko. Ƙafafun katakon suna ƙwanƙwasa titi, amma suna tafiya. Inna ta shige gaba, ni a baya. Na ɗaga ƙafa don in kamo ta, na kasa. Ƙadangaren ya wuce ɗari huɗu, ya wuce ɗari biyar, muryarsa har ta fara dushewa, ya ce, "Hajiya, a ɗan huta." Ta ce masa wake na jiranta a gida. Baraka ta biyo mu da tabarmar a naɗe a ka, tana tambaya ko a shimfiɗa, Inna ta ce tukuna.

Muna cikin tafiya na fara jin wata ƙara, shaf, shaf, shaf, kamar ana jan abu a kan siminti.

Na buɗe ido. Haske ya shigo ta ƙasan ƙofa, ashe barci ya sake kwashe ni bayan sallar asuba. Ƙarar silifas ce a tsakar gida. Na san ta, ta Inna ce, ƙafar hagu ta fi ja. Daga ɗakinta take zuwa wajen randa. Na kwanta shiru ina ƙirgawa da yatsuna a ƙarƙashin bargo. Tara zuwa. Na ji moɗa ta taɓa bakin randa. Tara dawowa.

Ta tsaya daidai ƙofata.

"Kai, rana ta fito."

"Na tashi, Inna."

Na jira in ji an shimfiɗa tabarma. Ban ji ba. Silifas ɗin ya wuce gindin darbejiya ya nufi wajen zaure. Na ci gaba da ƙirgawa.