Kokawa a Masussuka

Madam Hafsat tana jera ɗalibanta a ƙofar zauren baje kolin zane lokacin da wayarta ta yi ƙara. Isaka ne, kawun ɗalibarta Nana.

"Madam, an kai hari barikin iyaka jiya. Baban Nana ya rasu. Don Allah ki riƙe ta wurinki har la'asar, kafin manya su taru a Boukoki. Kada ta ji a bakin hanya."

Ta yi salati a hankali, ta goge fuska da gefen mayafi, sannan ta bi yaran ciki.

Zanen na wani mai zane ne ɗan ƙasar Girka, wanda ya ɗauko labaransa daga tsofaffin waƙoƙin jarumtar ƙasarsu. Nana ta tsaya gaban mafi girma. Wani ƙato ne, ba riga, ya sarƙe da wata baƙar halitta marar fuska a kan farin dutse.

"Kokawa suke yi!" in ji wata ɗaliba. "Wallahi da ɗan kokawar garin Tawa ne da tuni ya kayar."

Aka yi dariya. Hafsat ta karanta musu bayanin da ke gefe, ta fassara da Hausa. Jarumin mai tsaron iyaka ne. Ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa, sai Mutuwa ta zo da kanta ta kira shi kokawa a masussuka.

"Mai tsaron iyaka? Kamar Babana ke nan," in ji Nana. "Dubi kafaɗun ma. Madam, wa ya yi kaye?"

Hafsat ba ta taɓa yi wa ɗalibi ƙarya a kan darasi ba.

"Mutuwa ce, 'yata."

"Kai, Turawa! Ko a waƙa ba za su bar shi ya ci ba?" Ta miƙo hannu. "Ara mini wayarki in ɗauka in tura wa Baba. Yana son kokawa kamar me."

Hafsat ta dubi hannun. Ta ba ta.

Nana ta ɗauki hoton, ta danna lambar da ta haddace, ta tura. Ta jira. Saƙon bai isa ba.

"Ba rezon waya a wajensu," ta ce. "Zai gani da yamma."

"Ɗauko jakarki, Nana," in ji Hafsat. "Yau ni zan raka ki gida."